Waken Baba a Gonar Hedimasta

Waken da ake dafawa a gidana ba na kasuwa ba ne. Ƙanana ne, jajaye, masu baƙin ido, kuma suna daɗewa a tukunya kafin su yi laushi, shi ya sa matata ba ta taɓa yabonsu ba ko da wasa. Irin babana ne, shi ma a wajen nasa uban ya gada. An yi wata damina da saura ƙiris irin nan ya ƙare a duniya, kuma ba fari ne ya jawo ba, ba tsutsa ba, ni ne da kaina. Wanda ya tsare irin shekara da shekaru har ya dawo hannuna shi ne mutumin da ya koya mini karatu, Hedimastan firamaren ƙauyenmu da ke gefen Fakku. Bara Allah Ya yi masa rasuwa, bayan ya ga jikokin ɗalibansa na farko sun zauna a ajin da ya gina.

Shi ba ɗan garinmu ba ne. Daga wajen Jabo aka turo shi yana saurayi, a kan keke, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Ɗan gidan malamai ne, ya sauke Alƙur'ani ya yi littattafai a zauren mahaifinsa kafin ya haɗa da boko. Dattawa sun ba shi damina biyu, suka ce zai gudu kamar yadda na gabansa ya gudu. Lokacin makarantar ba ta wuce rumfar zana da inuwar tsamiya ba, kuma shi kaɗai ne malamin, amma tun ranar farko aka sa masa Hedimasta, sunan kuma ya bi shi har kabari.

Abin da na fi tunawa da shi a aji shi ne duba hannu. Kullum da safe za mu yi layi mu miƙa hannuwa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ba kallo kawai yake yi ba, sai ya kama hannun ya juya, ya shafa tafin da babban yatsansa. Mai dogon farce ya sha rankwashi. Wanda kuma ya ji tafinsa ya yi kaushi fiye da ƙima, sai ya tambaye shi aikin da ake sa shi a gida. Mu dai muna ɗauka neman laifi ne.

Ina aji huɗu Baba ya yanke shawarar cire ni. Ba mugunta ba ce, ƙannena duk ƙanana ne a lokacin, gona kuma ba ta jira. Ruwan shuka ya sauka, gero ya tsiro, ciyawa ta taso tare da shi. Na yi kwana uku ban je makaranta ba, a na huɗu sai ga Hedimasta ya jingine kekensa a bakin gonarmu. Bayan sun gaisa, Baba bai tsaya kwana-kwana ba.

"Malam, ba ni da ɗan da yak kai noma sai wanga," in ji Baba. "In nib bam ma shi, wa ka noma min gonag ga? Boko za mu ci da rani?"

Hedimasta ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, sannan ya ce, "Layi nawa yaron ga ka nomewa a wuni?"

"In bai tsaya kallon tsuntsaye ba, shida. In ya tsaya, fuɗu."

"To, shidan nan nawa na. Ka bam min shi."

Baba ya yi dariya har ya dafa hauyarsa. Washegari da aka fito sallar asuba, sai muka tarar da Hedimasta a ƙofar gida da aron hauya a kafaɗa, ya naɗe wandonsa zuwa gwiwa.

Gaskiya ɗaya ce, bai iya noma ba. Hannun da bai saba da komai ba sai alƙalami da alli, kafin rana ta ɗaga ya yi bororo. Yana sara kamar mai kashe maciji. Ina gefe ina kallo kafin lokacin makaranta ya yi, kunya duk ta ishe ni, don na san yara za su ji labari. Can sai na ji Baba ya daka tsawa.

"Malam! Tsaya! Wanga ba haki ba na, wake na!"

Ashe Hedimasta ya bi tsakanin layukan geron nan yana share duk wani abu mai faɗin ganye, ya kwantar da gindin wake ya fi ashirin. Ya tsaya riƙe da hauya, zufa tana ɗiga, bai san inda zai sa kansa ba. Baba ya zo ya tsuguna, ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda aka sare ya nuna masa ganyen, ya tsinko ciyawa ya ajiye a gefe, ya ce ya duba da kyau. Haka ya yi masa darasi kamar yadda shi yake yi mana a allo. Ranar na fara ganin malaminmu yana cewa "to" kamar ɗan aji ɗaya.

Damina uku ya yi yana nome rabona, daga asuba zuwa lokacin buga ƙararrawa, wani lokaci ya dawo bayan la'asar. A ta biyu ya fara tsere da Baba a layi. A ta uku mai gari ya yanka masa gona tasa ta kansa, tunda dai an ga mutumin nan ba shi da niyyar tafiya. Da na ci jarrabawar shiga sakandare, Baba ya ɗebo wake cikin ƙwarya daga irin da yake ɓoyewa, ya kai masa har gida. Ina biye da shi. Bai yi dogon jawabi ba, cewa kawai ya yi, "Ga shi, tunda yanzu ka san kamannunai." Na ga wannan da idona, amma ban riƙe shi a matsayin wani abu ba. Hankalina yana kan sabon akwati da takalmin makaranta.

Ba ni kaɗai Hedimasta ya yi wa haka ba. Daga baya na ji ya yi wa wata yarinya tallar fura na mako guda, wato ya saye furar gaba ɗaya ya rabar a masallaci, har uwarta ta ji nauyi ta ƙyale ta. Shi ke rubuta wa mutane wasiƙa, shi ke karanta musu amsa, kuma ba a taɓa jin sirrin kowa a bakinsa ba. In liman ya yi tafiya shi ke ba da salla. In shanu sun shiga gona, shi ake kira ya zauna tsakanin manomi da makiyayi, don ya koyi Fulatanci daidai na sulhu. In kuma aka yi rasuwa, kafin kowa ya gama salati shi ya riga ya ɗauki diga ya nufi maƙabarta. Sau biyu aka so mayar da shi Tambuwal da ƙarin girma, ya je ya ba da haƙuri ya dawo. Da ya yi ritaya ma bai koma Jabo ba. Ya ce a nan ya binne 'ya'ya biyu, a nan ya aurar da huɗu, ina kuma za shi.

Ni kuwa na yi gaba. Na sami aikin ofis a Tambuwal, na yi aure, na sayi babur, na yi tumbi. Baba ya rasu, ƙannena suka koma shuka sabon iri mai saurin nuna, wanda ake saya a leda. Ban tambayi inda tsohon irin ya shiga ba, don ban ma tuna da shi ba. Zuwana ƙauye ya koma daga salla sai salla. In na je nakan shiga in gaida Hedimasta, in ajiye masa goro da turare, ya kama hannuna ya shafa tafin kamar da, ya ce, "Hannun ga ya yi laushi awa na jariri." In yi dariya, ina jin daɗi, ina ɗauka yabo ne.

Da tsufa ya kama shi sosai idanunsa suka tafi, sai tsofaffin ɗalibansa suka ɗauki al'adar yi masa gayya. Kowace damina za a sa rana, a taru da hauyoyi a nome masa gona, matarsa, wadda duk muke kira Gwaggo, ta dama fura. Kullum ana gaya mini, kullum ina da uzuri. Wata shekara taro, wata shekara ciwon baya. Nakan aika da goron 'yan gayya in ce a gaishe su.

A daminar da nake magana, wani abokina da muka yi aji ɗaya, wanda bai bar ƙauye ba, ya kira ni a waya ya ce ranar Asabar ce gayyar Hedimasta. Ya ƙara da cewa, "Bana ma goro za mu gani, ko mai goron?" Maganar ta sosa mini rai. Na ce a zuciyata bari in nuna musu bambancin wanda ya yi karatu da wanda bai yi ba. Me za a yi da mutum talatin suna duƙe a rana, alhali ga maganin feshi da ke kashe ciyawa ya bar hatsi a tsaye? Na je kasuwa na sayi maganin, na sami wani mutum mai injin goyo, na kwatanta masa gonar, na ce ya je ranar Laraba ya feshe ta tsaf, kada ya gaya wa kowa. So nake ranar Asabar su iso da hauyoyinsu su tarar aiki ya ƙare, a tambaya wa ya yi, a ce ai wane ne na Tambuwal. Ban tambayi mai maganin komai ba bayan ko yana taɓa gero. Ya ce ba ya taɓawa, kuma bai yi ƙarya ba.

Ranar Asabar da hantsi abokin nan nawa ya sake kira. Bai ko gaishe ni ba.

"Kai ka aiko mai feshi?"

Na gyara zama na ce ni ne, ina jiran godiya.

"To ka taho ka ga aikinka," ya kashe waya.

Tun a kan babur na sha jinin jikina. Da na isa, 'yan gayya suna tsaye cirko-cirko a bakin gona. Gero yana nan kore shar. A tsakanin layukan kuwa, duk waken da ya fara yaɗo ya murɗe ya yi rawaya ya kwanta. Yakuwa da kuɓewar da Gwaggo take shukawa a gefe su ma sun tafi. Ni ɗan manomi, wanda aka haifa a gonar gero da wake, na manta cewa a garinmu ba a shuka gero shi kaɗai.

Gwaggo ce ta fara yi mini wankin babban bargo, kuma ta yi daidai. Ta ce shekara nawa ana gayya ba a ga ƙeyata ba, ranar da na tuna da su kuma sai na aiko musu da guba. Hedimasta yana zaune a kan buzu a gindin wata ƙirya, sandarsa a kan cinya. Ya bari ta gama, sannan ya ce in matso. Na tsuguna a gabansa.

"Ka san waken da kak kashe?" ya tambaye ni.

Na ce na sani, Malam, zan sayo wani iri mai kyau, wanda ya fi wannan ma.

"Ba a sai da shi," in ji shi. "Na babanka na. Wanda yak kawo min cikin ƙwarya, kana biye da shi. Tun shekaran nan nika shuka shi, ban taɓa tsallake damina ba. Gidanku sun bar shi, duk garin ga babu mai shi sai ni."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da farar shaddata. Na yi kuka a gaban mutanen da na zo in burge, kuka na gaske, ba na hawaye kawai ba. Baba bai bar mini littafi ba, bai bar hoto ba. Abu ɗaya da ya rage a duniya wanda ya bi ta hannunsa, wani ne ya riƙe shi shekara da shekaru, ni kuma na kashe shi cikin yini ɗaya don in ji an ambaci sunana.

Hedimasta ya bar ni na yi mai isata, sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni ma na taɓa sare shi. Amma ni da hannuna nis sare, ina duƙe, shi ya sa nit tsaya a ashirin." Daga nan ya juya wajen da yake jin motsin Gwaggo ya ce ta ɗauko goran nan.

Ashe Gwaggo ba ta taɓa ba da iri duka a shuka ba. Kowace shekara takan rage kaɗan ta zuba a gora ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta toshe bakin, ko da shukar farko za ta ƙone. Ta kawo goran tana hararata, ta zazzage a faifai. Bai fi cikin tafi biyu ba. Ta ce, "Shi ke nan abin da yar rage. In wanga ya tafi, ya tafi."

Lokacin shukar wake ya riga ya wuce da kusan wata guda, kuma irin Baba mai nawa ne, sai ƙarshen damina yake fure. Abokina ya ce a ajiye sai baɗi. Gwaggo ta ce wannan ɗin ma na bara ne, in ya ƙara shekara a gora ba ta da tabbacin zai tsiro. Aka duba aka ga akwai wani ɗan yanki a ƙarshen gonar da maganin ya ƙare wa mai feshi bai kai ba, wanda dama ba a sa wa wake ba. Hedimasta ya ce a nan za a shuka, kuma ba wanda zai taɓa wurin sai ni.

"Ba aike, ba ɗan ƙwadago, ba gayya," ya ce. "Layi shida na. Na san ka iya shida in ba ka tsaya kallon tsuntsaye ba."

Haka na koma ɗan ƙauye duk Asabar da Lahadi. In taso daga Tambuwal bayan asuba, in biya in ɗauke shi, ya dafa kafaɗata mu taka har gona. Ya zauna a buzunsa, ni in duƙa. Ranar farko hannuna ya yi bororo ya fashe, bayana ya ƙi miƙewa, na yi salla a zaune. Ba ya gani, amma kunnensa yana kan hauyar. In na fara sara sama-sama sai in ji ya ce, "Wanga sara na ma'aikacin gwamnati na." A tsakanin haka yake ba ni labarin Baba, abubuwan da ban taɓa sani ba. Wai bayan na tafi sakandare, duk wasiƙar da na aiko sai Baba ya sa ya karanta masa sau uku, sannan ya karɓa ya riƙe takardar a juye yana dubawa. Wai ya taɓa roƙonsa a asirce ya koya masa rubuta sunana, ya kuma koya, a ƙasa, da tsinke, a bakin wannan gonar.

Waken ya tsiro, ba duka ba, wajen kashi biyu cikin uku. Ya fara yaɗo, sai ruwa ya ɗauke da wuri. Mako biyu ina duban gabas kamar wanda ya yi ajiya a can. A ofis ana magana ina amsawa da ka, hankalina yana kan layi shida. Na ce zan riƙa ɗebo ruwa a jarka ina zubawa, Hedimasta ya ce in zuba da yamma kaɗan-kaɗan a gindi, sauran in bar wa raɓa, irin Baba ya saba da wahala. Da na ga furen farko, wani ɗan fari-fari mai shuɗi, na tsaya a kansa na daɗe. Na je na gaya masa, ya ce in kai shi ya taɓa. Ya tsuguna da ƙyar, ya lalubo shi da yatsa, ya ce Alhamdu lillahi.

Da kaka muka roro abin da ya samu. Gwaggo ta sussuka ta sheƙe, ya cika ƙwarya ɗaya har da ɗan tozo. A ranar ce ta fara yi mini magana ba tare da harara ba. Hedimasta ya sa hannu a ƙwaryar ya ɗebo ya saki, ya ɗebo ya saki. Sannan ya ce in ba shi hannuna. Ya juya shi, ya bi tafin da babban yatsansa, ya tsaya a kan kantar da ta fito a gindin yatsu.

"Yawwa," ya ce. "Yanzu ya fara kama da na babanka."

Ya ƙara damina biyu a duniya, kuma duka biyun ni na shuka waken, a gonarsa da kuma wata 'yar gona da na nema a bayan Tambuwal. Gayya kuwa ban sake aika goro ba, da kaina nake zuwa, har abokina ya gaji da tsokanata. A ta ƙarshe Hedimasta bai iya zuwa gona ba, sai in dawo in ba shi rahoto a zaure kamar mai kawo aikin gida.

Ya rasu wata ranar Talata da safe, ba doguwar jinya. Kafin azahar garin ya cika da babura da motoci, daga Kebbe, daga Jabo, daga Tambuwal, har da makiyayan da ya sha raba su faɗa da manoma. Na ga tsofaffi masu furfura suna kuka suna cewa malaminsu ne. Da aka ce a je a haƙa kabari, na tuɓe babbar riga na karɓi diga. Wani ya ce in bari matasa su yi, na ce a'a. Hedimasta ne ya haƙa na Baba, ina tsaye a gefe da takalmi mai sheƙi ina karɓar gaisuwa. Ƙasar tana da tauri, na haƙa har aka kai inda ake so, kuma hannuna bai yi bororo ba.

Bayan kwana uku, da zan koma, Gwaggo ta kira ni cikin gida. Ta miƙo mini goran nan, bakinsa a toshe da tsumma, nauyin toka da wake a ciki. Na ce ta riƙe, ai ina da nawa a Tambuwal. Ta girgiza kai.

"Cewa yay yi in ba ka," in ji ta. "Yac ce shi dama ajiya yaka yi, mai abu ya girma."

Na ɗaure goran a bayan babur da ɗankwalin da ta ba ni don kada ya fashe, na kama hanyar Tambuwal a hankali, ina kauce wa ramuka.